Ranar Da Na Yi Wa Tafireta Tiyata

Tafiretar marigayi mahaifinmu ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zanen Inna, kafin rabon tarkace ya jefo ta hannuna. Imperial ce ƙirar garin Lesta na Ingila, baƙa wuluk, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Yayyena suka kwashe rediyo da agogon bango, ni kuwa da yake ɗan boko ne aka ce in ji da ita.

Na sha yawo a Sabon Gari kafin in sami sabon ribin. Na ɗaura, na zura takarda, na hau bugu. Ƙas, ƙas, ƙas, sauti sai ka ce ofishin En'e, har ƙararrawar ƙarshen layi ta kaɗa. Na zaro takarda: fara fat. Ko ɗigon tawada babu.

Nan ne mai hankali zai nemi mai sana'a. Ni sai na naɗe hannun riga.

"Malam, ka dai tuna yadda ta ƙare da fanka," in ji uwargida.

"Wannan daban," na ce. Ashe kuwa daban ɗin ce, don ita fanka ƙusa huɗu gare ta.

A ilimina, duk ƙarfen da ya ƙi aiki ƙishirwar mai yake ji. Na juye mata man keken ɗinkin uwargida, da ya ƙare na cike da man gyaɗa. Lokacin hunturu ne. Kwana biyu ƙura ta haɗu da mai ta zama kunu, duk harafin da na danna sai ya miƙe ya tsaya cak, kamar ɗalibi mai neman izinin fita. Kafin azahar haruffa tara sun rungume juna a sama.

Sai na ɗauko sukudireba. A bayanta na ga wata siririyar igiya da ta fito daga wani ɗan gwangwani, na ce lalle ga mai laifin. Ina kwance ta sai na ji fiiir! Sifirin da ya yi shekaru a ɗaure ya sami 'yanci, igiyar ta tsula mini bulala a yatsa, wata 'yar mitsitsiyar ƙusa ta yi tsalle tsakar gida. Kazar uwargida ta riga ni isa. Ido da ido muka yi, ta haɗiye.

A buhun shinkafa na kwashi gawar zuwa bayan kotu, inda har yau ake buga takardar rantsuwa. Masu bugun suka nuna mini wani dattijo a rumfa, tabaransa ɗaure da zare, tsofaffin tafiretoci jibge a bayansa. Ya buɗe buhun, ya sunsuna.

"Ɗana, ƙosai ka so ka soya a ciki?"

Bai jira amsa ba. Ya ce tsagin da sandunan haruffa ke kwanciya ba ya son mai ko kaɗan, buroshi da sifirit ne maganinsa. Igiyar da na kwance ita ke jan takarda hagu duk bugu ɗaya. Yana magana yana murza gwangwanin sifirin da yatsa, yana ƙirga zagaye a ransa, ko kallon hannunsa ba ya yi.

Tun yana yaron shago yake wannan aiki. Kamfanin Imperial ya rufe masana'antarsa ta Lesta a 1975, don haka babu sabon kayan gyara sai abin da ya cira daga jikin matattun da ke bayansa. Ya buɗe wani gwangwanin madara cike da kawunan haruffa, ya nuna mini ƙ da ɗ da ɓ. Turawan da suka ƙera injin ba su san da ƙugiya ba, akawu sai ya gama bugu ya bi da alƙalami yana lanƙwasawa. Shi kuwa yakan cire ½ da ¼, ya liƙa namu da darma. Ni da nake taƙama da digiri ban taɓa tunanin wani ya zauna ya yi wa Hausa wannan hidima ba.

Don in farfaɗo da mutuncina na ce, "Baba, ai lamba ɗaya ma ta ɓace tun kafin in taɓa."

"Ba a yi ta da ita ba. Ƙaramin l ake bugawa."

Sai na yi shiru.

Da la'asar ya gama haɗawa. Na tuna masa ainihin cutar, wato rashin tawada. Ya dube ni ta saman tabarau, ya sa ɗan yatsa ya ture wani ƙaramin maɓalli daga farin ɗigo zuwa baƙi. Shi ke nan. A kan sitensil take, inda ribin ba ya tashi, don harafi ya huda takardar gurzawa kai tsaye. Wataƙila takardar taron unguwa mahaifinmu ya buga a ƙarshe.

"Wannan gyaran kyauta ne," in ji shi. "Gyaran gyaranka kuwa dubu goma sha biyar."

Na biya ban nemi ragi ba. Sai dai ya ce hannun da ke mayar da layi zai riƙa rawa, akwai ƙusa ɗaya da ya duba duk gwangwanayensa bai sami irinta ba. Na gaya masa inda take.

"To, ka kawo kazar."

Yau kwana shida ke nan muna ciniki da uwargida. Ta ce sai na fara biyan man kekenta.