Ranar da Daji Ya Zo Walima

Asabar ɗin da ta wuce aka ɗaura auren ɗan maƙwabcina, aka damƙa mini rabon abinci a ƙofar gida, wai don ni ba na ganin ido. Wanda bai taɓa tsayawa a bayan kular shinkafa da cokali a hannu ba, bai san mutanen unguwarsu ba. Ni kuwa a bakin fadama na tashi, ina kiwo ina kamun kifi, saboda haka kafin la'asar na shaida kowa. Duk tsofaffin sanina ne na daji, riga da hula kawai suka ƙara.

Balbela ce ta fara sauka. Ita wannan tsuntsuwa ba ta wahalar da kanta wajen neman abinci. Saniya take bi, saniya ta taka ciyawa, fara da ƙwari su tashi, ita ta cafke. Kuma duk yinin da take yi a cikin kashin shanu, ba ka ganin ɗigo a farin gashinta. Balbelar unguwarmu farar shadda ɗaya gare shi, ta sha bugu ta sha sitaci, kuma ba ya shiga taro sai a bayan wani Alhaji. Alhaji ya yi tari, ya ce, "Sannu, ranka ya daɗe." Alhaji ya tsame hannu daga faranti, shi ya gyara zama. Ban raina masa wayo ba, don da wannan sana'a tsuntsuwar ta ci duniya. Da fikafikanta ta tsallaka Tekun Atilantika, aka gan ta a nahiyar Amurka ta Kudu a 1877, zuwa 1953 har ta kafa sheƙa a Fulorida, ba biza ba kuɗin jirgi. Namu ma a haka ya je Umara. In shanu suka tashi aka kawo tarakta tana huɗa, balbela tarakta take bi. Tun zaɓen da ya wuce mutumin ya sake Alhaji.

Ina cikin kallonsa sai jan baki suka sauko. Manoman Haɗejiya da Nguru sun san su: su kwana a cikin kacala, asuba ta yi su rufe gonar shinkafa kamar hadari, har sai an ɗauko jirgin sama ya yi musu feshi. An kiyasta sun kai biliyan 1.5, babu tsuntsun daji da ya kai su yawa a duniya. Ɗaya ba ya cika tafin hannu. Haka abokan ƙanin ango: kowa ɗan siriri, kowa ya ce "kaɗan za ka zuba mini, Baba", amma da suka tashi sai da na leƙa ƙasan kula na ga fuskata.

Gafiya daban ce, ita ba a wurin take ci ba. Allah ya yi mata jaka biyu a kumatu, ta fito da dare ta cusa gyaɗa da ƙwallon dabino har fuskarta ta ninka, ta kai rami ta zazzage, ta dawo. Ramin ma ɗaki-ɗaki ne, wurin kwana daban, rumbu daban. Wani dattijo mai babbar riga ya zo gabana sau uku. Na farko nasa ne, na biyu na wani maƙwabci mara lafiya, na uku bai ma ce komai ba, ya dai miƙo faranti yana kallon sama. Na lura aljihun gaban rigar yana ƙara nauyi, bakin leda yana leƙowa, maiƙo ya fara zana taswira a kan aikin wuyan. Da aka fara kiran sallah ya tsira da na bakinsa, yana tafe yana riƙe ciki kamar mai juna biyu. Ba don a ce na ci zarafin gafiya ba, tana da dangi na kirki: wani ɗan'uwanta mai suna Magawa, da aka horar a Tanzaniya, ya yi shekaru yana shinshino nakiyoyin da aka binne a Kambodiya, har aka rataya masa lambar zinariya a 2020. Hancin dattijon namu bai gaza nasa ba. Daga masallacin layi na uku yake jiyo ƙanshin suyar gidan biki.

Kadangare ba sai na daɗe a kansa ba. Namijin da ya mallaki katanga shi ne mai jan kai, aikinsa gyaɗa kai don kowa ya san wurin da mai shi, dare kuma na yi jan ya dushe. Namu jar dara ya sa, ya tsaya a bakin rumfa yana nuna wa mutane kujerun da suka riga suka zauna a kai.

Wanda na fi tsoro shi ne carki. Ka gan shi a bayan sa yana cire masa kaska, ka ce kai, ga masoyi. Matsa kusa ka gani. In ya sami ɗan gyambo a doron san nan, ba zai bari ya warke ba, kullum sai ya tona ya sha jini. Kawun ango yana jin haushi don ba shi aka ba walicci ba, ya zo dai don zumunci, ya zauna gefe, har ya fara sakin fuska. Sai ga carki ya ja kujera, ya kaɗe masa ƙura daga kafaɗa, ya buɗe masa lemo. "Kawu, ai mu da muka san asali abin ya ba mu mamaki. Amma ka yi haƙuri, kada ka ce komai. Ko da yake in ni ne..." Kafin ya ƙarasa shan lemon, Kawu ya nemi takalminsa.

Zan yi wa kura adalci a nan, ko da za a ce na sha bamban da kakanni. An yi mata shaidar sata da cin mushe, alhali kura mai dabbare-dabbare ita ke farauto yawancin abin da take ci, sau da yawa ma zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Ƙashin da ya bar mata shi take tauna, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat kamar alli. Samarin layinmu su suka kayar da sa tun asuba, suka feɗe, suka kafa rumfa, suka jido kujeru. Cinya ta bi but ɗin motar wani babba. Da aka nemi nama aka rasa, su aka harara.

Can wajen ƙarfe biyar na hango gaiwa. Kifi ne mai huhu. Ruwan fadama na janyewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da majina ta bushe, ta bar 'yar kafar shaƙar iska, ta kwanta wata da watanni tana cin naman jikinta har ruwa ya dawo. Mutumin nan tun bara ya karɓi rancen dubu goma a hannuna, daga ranar ƙasa ta haɗiye shi. Waya a kashe, shago a rufe, yaransa kullum "ya yi tafiya". Yau ga shi ya fito, ya rame kamar an wanke shi, yana murmushi. "Malam, ina nan da maganarka a raina." Na so in yi magana, na dubi wuyansa, sai na ƙara masa tsoka ɗaya. Da na sunkuya na ɗago, ya koma laka.

Nama ya ƙare a wajena, aka ce in shiga ciki in karɓo wurin Gwaggo, mai riƙe da makullin ɗakin ajiya. Tsohuwa ce mai jiki, fuska a sake, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Na manta da minjirya. Kifi ne mara ƙaya a baya, mara ɓawo, lukwi-lukwi, yana kwance a ƙasan ruwa kamar ba ya iya kashe ƙuda. Amma wutar jikinsa tana kai bolt 350, ta soket ɗin gida kuwa 230 ce, in an kawo ta. Duk ɗan su ya san ba a damƙarsa da hannu.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, a ƙaro mana nama, baƙi sun yi yawa."

Ta ajiye carbin a hankali. "Ɗan nan, faranti arba'in na ƙirga na ba ka, kowanne tsoka bibbiyu. Wanda ka tura gidanka da ƙaramin yaronka ta ƙofar baya, a cikin na baƙin yake ko a cikin naka?"

Har yanzu hannuna na dama bai daina zuga ba.