Turmin Goggo Zai Haye Kogi

Ranar Talatar nan wani yayanmu ya zo hutu daga Abuja ɗauke da sabuwar cuta. A waya ya ga wasu Turawa, miji da mata da 'ya'ya biyu, sun shiga kwale-kwale a dajin tafkunan Minisota ta Amurka, sun kafa tanti a bakin ruwa sun kwana. Shi ke nan, wai mu ma sai mun yi. A kwashi iyali daga Birnin Kudu a nufi Gwaram, a haye kogin Bunga, a kwana a tsallake don a huta da hayaniya.

Na ce, "Yaya, sauron can fa bai san hutu ba." Ya ce matsalata ke nan, ban waye ba.

Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne dokar wancan dajin da ake kira Boundary Waters. Ayari ba ya wuce mutum 9 da kwale-kwale 4, ba a shiga da kwalba ko gwangwani, in tafki ya ƙare kuma mutum ya kifa jirginsa a ka ya taka zuwa na gaba. Mutum 9! A gidanmu ai waɗannan 'yan rakiya ne zuwa bakin titi. Kafin la'asar masu tafiya sun haɗa da uwargida da amarya, agola, 'yar riƙo, almajirin gida, da maƙwabciyar da in ba a gaya mata ba za ta yi gaba da mu har Babbar Sallah. Aka tara katifu da kuloli da janareta, don in caji ya ƙare ba a ɗauki hoto ba, to me aka je yi?

Sai Goggo ta ce ba inda za ta ba turminta.

Aka ce a daka yajin a gida a ƙulla a leda. Ta ce yajin da ya sha mota ya tashi daga yaji. Aka ce a ari na mutanen can. Ta ce ita ba ta zuba daddawarta a turmin da ba ta san asalinsa ba. Nata na ƙirya ne, da shi aka kai ta ɗakin miji, sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Nan fa dangi suka zauna shawara: turmi fasinja ne ko kaya? In fasinja ne, kuɗin fiton babba za a biya masa ko na yaro? Taɓarya fa, a kansa take ko ita ma mai zaman kanta ce? Kawu ya ce a zaunar da autan gida a cikinsa, an rage wuri. Goggo ta ce sai dai autan ya zauna a gida. Wani ɗan boko a cikinmu ya ce a bar shi ya tafi, ai ice ne, ko jirgi ya kife kowa sai ya rungume shi. Da ji ka san bai taɓa ɗaga ƙirya ba.

Duk zaman nan, wannan ce kaɗai maganar ceton rai da aka yi. Da na tambayi rigar kariya sai aka kwashe da dariya. Yaya ya ce, "Kai ma dai, in kwana ya ƙare riga ce za ta hana?" Yana faɗa yana gwada sabuwar jakar robar da ya saya wa wayarsa don kada ruwa ya taɓa ta. Waya ta samu riga, yaro ɗan shekara huɗu an bar shi da tawakkali.

Haka muke yi kowace damina, kuma ba abin dariya a ciki. Ranar kasuwa a loda wa jirgi buhuna da babur da awaki da mata masu goyo, har tsakanin bakinsa da ruwa ya rage taƙi guda. Mai fito ya ce ya isa, a ce masa mutum ɗaya ne kawai, sai ka ce ruwa na jin magiya. In ya kife a yi jana'iza, manya su zo jaje da buhunan shinkafa, kasuwa mai zuwa a sake lodi.

Ni abin da ma ya fi ɗaure mini kai, mai neman daji ido rufe bai taɓa hawa Dutsen Habude ba, ga shi nan a bayan gari. Zanen shanun da mutanen da suka yi a jikinsa da na Dutsen Mesa, tun shekarun 1950 masana ke tasowa daga ƙasashensu don su gani. Da ƙafa ake zuwa, ba kuɗin fito, ka dawo ka ci tuwon dare a gidanku. Laifin wurin ɗaya, babu Baturen da ya nuna shi a wayar Yaya.

Masu fiton Gwaram, don girman Allah, in kun ga mota ta tsaya a bakin kogi ana sauke turmi, ku ce jirgi yana yoyo.