Tasar Zaki da Rundunar Kiyashi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Zaki, manyan dawa, yana da wata tasa ta jan ƙarfe da ya gada kaka da kakanni. A cikinta ake dama masa fura ranar salla. Wata damina aka wayi gari tasar ta yi ɗigo-ɗigon kore, kamar an barbaɗa mata kuka. In an share, bayan kwana biyu ya dawo, ga kuma ɗan rami a ƙarƙashinsa.

Sarki ya sa aka yi shela, namun daji suka hallara. Dila, malamin daji, ya roƙi a bar shi ya kwana gadi. Da gari ya waye ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: "Ranka ya daɗe, ɓarayin su uku ne, kuma babu mai iya ɓarnar shi kaɗai. Kwaɗo ne ke shigowa da jiƙaƙƙen jiki ya kwanta cikin tasa, yana goye da Gara 'yar gidan Gishiri, wadda ba ta iya taku ɗaya a busasshen wuri. Jemage kuma yana sama yana yi musu fifita, yana kawo iska. Gara ta gutsuri ƙarfe, ta tofar da koren gari, ta sake gutsura. Ba ta ƙoshi, ba ta mutuwa."

Kura ta yi wuf ta ce wannan aikin ƙarfi ne. Ta samo yashi da lemun tsami, ta dirje tasa har ta yi ƙyalli. Dila ya girgiza kai ya ce: "Kura, wannan duhun da kika kankare riga ce da tasar ta ɗinka wa kanta. Kin tuɓe ta, kin kuma rage mata kauri." Daren nan Gara ta sami ƙarfe tsirara, ta ci ta more.

Giwa ta ce a ba ta wuri. Ta kwaɓa laka, ta yaɓe tasar ciki da waje. Rana ta yi, laka ta tsattsage, ruwan Kwaɗo ya bi ta tsaga ya kwanta a ƙarƙashi inda ba ya bushewa. Da aka ɓamɓare, sai ga ramuka sun fi na da yawa.

Gizo ya matso ya ce: "Yanka ya daɗe, ni zan saƙa mata yiga." Ya karɓi ladansa tun kafin aiki, ya zagaye tasa da yana. Gara ta duba ta ga ƙofofi ko'ina, ta shige abinta.

Ana cikin jugum sai aka ji wata 'yar murya daga ƙasa. Magajiyar Kiyashi ce. Ta ce: "Allah ya ja zamanin sarki, a gwada mu."

Kura ta fashe da dariya. "Abin da ya gagari Giwa, ke ce za ki iya?"

Magajiya ta ce: "Giwa ta ɗora abu ne a kan tasa, mu kuwa kama ta za mu yi. Amma muna da sharaɗi. A wanke ta a shanya kafin mu hau. Kada a zuba mana tsami. In wasunmu sun faɗi, a ƙaro wasu. Ruwan da aka wanke mu a ciki kuma kada a kai shi tafki, don kifi ba ya shiri da mu."

Zaki ya yarda. Kiyashi suka hau tasa dubu bisa dubu. Kowane ya kafa baki a jikin ƙarfe, ya saƙala hannu da na kusa da shi, ya juya bayansa mai santsi waje, suna waƙa:

Baki ga ƙarfe, hannu ga ɗan'uwa,
Baya ga ruwa, baya ga Gara,
Ko ƙofar allura ba ma bari.

Zaki ya leƙa ya ce: "Ina masu gadin? Tasa kawai nake gani." Dila ya ce: "Suna nan, ranka ya daɗe. Sirantarsu ce ta ɓoye su."

Da dare Kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa, sai ya sulale, ruwansa ya dunƙule ya gangare. Gara ta zagaya har asuba ba ta sami wurin sa haƙori ba. Jemage ya yi fifita har ya gaji.

Hassada ta kama Gizo. Ya faki ido ya ɗiga ruwan tsamiya a gefen tasa, kiyashin wurin suka saki ƙarfe suka zube. Gara ta tattara yunwarta duka a wannan ɗan fili, ta fara haƙa. Allah ya sa Dila yana zagayawa kullum, ya gani, ya wanke wurin, Magajiya ta turo sababbi suka toshe. Gizo kuwa ya haye rufin ɗaki, yana can har yau.

Ƙurunƙus kan kusu.

Yara, kiyashin nan akwai su. Masana kimiyya suna kiransu benzotirayazol, sinadarin da kowace ƙwayarsa ke ɗauke da zarra 3 na naitirojin. Da su yake kama jan ƙarfe, ƙwaya ta haɗu da ƙwaya su zama shimfiɗa mai sirantar da ido ba ya gani, wadda ke tare ruwa da iska da gishiri. Gara ita ce kulorayid na cikin gishiri, mai haddasa abin da ma'aikatan gidajen tarihi ke kira cutar tagulla, wato koren garin da ke cinye tsofaffin kayan da aka tono daga ƙasa. A 1967 wani masani ɗan Denmak mai suna Madsen ya nuna yadda ake tsayar da cutar da wannan sinadari, kuma har yau ana jiƙa irin kayan a cikinsa, galibi kashi 3 cikin 100 a narke cikin ruwan ispirit. Shi da ɗan'uwansa toliltirayazol ana zuba su a ruwan lagireton mota da bututun sanyaya injinan masana'antu.

Ba kowane kore ne cuta ba. Mutum-mutumin 'Yanci na birnin Niyok, da aka buɗe a 1886, jan ƙarfe ne, kuma koren da ya lulluɓe shi kare shi yake yi, kamar rigar da Kura ta kankare. Sharuɗɗan Magajiya ma gaskiya ne: tsami mai yawa yana raunana shimfiɗar, tana buƙatar ƙari a kai a kai, kuma sinadarin yana daɗewa a ruwa yana cutar da halittun cikinsa.

Don haka duk wanda aka ba amanar tsaron wani abu, ya koyi halin kiyashi: ya riƙe wurinsa da gaske, ya riƙe na kusa da shi, kuma a sami mai zagayawa kullum yana duba inda aka saki.