Golmon Damina Goma Sha Biyu

A ƙasar Zuru, da garma saurayin Dakarkari ke neman aure. Golmo ake ce wa abin: damina bakwai yana nome gonar surukai, shi da tsararrakinsa, kafin a ba shi mata.

An yi wani mutum a Danko, dogo, marar yawan dariya, da ya yi damina 12. Sau uku yana zuwa, sau uku ana ce masa ya dawo baɗi. A na ukun har hawaye ya zubar a gaban jama'a, ya ce ba ya ƙarawa. Kullum maganarsa ɗaya: kawunnan yarinyar ɓeraye ne, sun huda rumbu, a ba shi gidan a gani. Kuma gaskiya ya faɗa, rumbun a huje yake.

Talakawan gari suka so shi, don ba a taɓa kama shi da zangarniyar wani ba. Tsofaffin mata suka kwance bakin zane. A karo na huɗu ya zo da gayya, kowa riƙe da tsintsiya, har da wasu daga cikin kawunnan nan da suka sake riga. Aka ba shi matar da gidan, a 2015. Ranar, samari da yawa sun karye a kan babur don murna.

Wata shida ya yi yana tunanin wa zai ba fartanya. Sai ciwo ya zo, wanda ba laifin kowa ba ne, ya tafi wajen mai magani a ƙetare, fiye da kwana ɗari. Da ya dawo ya toshe ƙofar baya don kada shinkafar maƙwabta ta shigo. Mudu ya tashi. Ɓerayen dai suna nan, sun ma koyi gaisuwa.

A Yunin 2021 'yan bindiga suka kashe mutum 88 a Koro, Kimpi, Gaya, Dimi da wasu ƙauyukan Danko/Wasagu. Cikinsu akwai waɗanda suka yi wa dogon nan noma. Ya aiko yaronsa ya ce ya kaɗu matuƙa.

Bayan damina takwas ya ce ya gaji, shanunsa na jiransa. Ya miƙa makullin rumbu ga abokin da ya tara masa gayya, wanda dama tun tuni yake cewa layi ya zo kansa.