Yadda Ɗan Haya Zai Zama Sarkin Noma a Bakin Ƙofarsa

Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta zama, garin ya cika da 'yan haya masu ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga Kurfi da ƙauyukan kewaye. Sun tashi suna tsinko yakuwa a bayan gida kyauta, yau kuma sai sun zaro kuɗi kafin mai kayan miya ya ƙirga musu attaruhu uku yana haɗe rai. Gwamnati ma ta sha zuga su. A 1976 Obasanjo ya fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne, a 2024 kuma uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sa gasar lambu a kowane gida. Inda ɗan haya zai samo bayan ɗakin ne dai ba a faɗa ba.

To, ba sai da fili ba. Tsohon buhun siminti, bokitin fenti, ko jarkar mai da aka yanke wa kai, kowanne gona ce. Mutanen Kibera a Nairobi, inda cunkoso ya wuce na kowace unguwa a Katsina, sun daɗe suna cin ganye daga buhu. Sharaɗin ɗaya ne: ya gasa ƙusa ya huhhuda gindin mazubin, don saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Sannan ya ɗora shi kan duwatsu, saboda ranar da Baba mai gida ya ga kore a simintinsa, ranar za a tuna cewa kuɗin haya ya yi kaɗan.

Ƙasa kuwa, kashi biyu na jigawa, kashi ɗaya na taki. Ya cire girman kai da takardar digiri ya ajiye, ya yi sallama da uwargidan mai gida: "Hajiya, a taimaka mini da sharar turke." Za ta dube shi sama da ƙasa, amma za ta bayar. Busasshen kashin awaki ake so. Kashin kaji ɗanye ƙone saiwa yake yi, sai ya kwanta makonni ya huce.

Sai zaɓen abin shukawa, inda yawancin sababbin sarakunan noma ke faɗuwa, domin kowa tumatir yake so. Tumatir ɗan gata ne. Sai an yi masa reno na mako uku ko huɗu kafin dashe, sai an kafa masa sanda, sai ya samu rana ta aƙalla awa shida, sannan a jira wajen wata uku. Idan bazara ta riske shi, a Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, furen ya kakkaɓe ya bar mai shi da ganye mai ƙamshi. Shi ya sa masu noman rani na gefen madatsar Zobe suke bin sanyin hunturu. Ga kuma sharon, tsutsar nan 'yar asalin Kudancin Amurka wadda ta cinye gonakin arewa a 2016, har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote ta Kadawa ta rasa abin markaɗawa. Abin da ya tsayar da injin Ɗangote ba zai ji kunyar bokitin fenti ba.

Mai hankali da ganye yake farawa. Alayyafo a watsa shi yau, cikin mako huɗu an fara yanka, ya kuma sake tohowa. Yakuwa da rama ba su san shagwaɓa ba. Gindin albasa da za a zubar, a tura shi ƙasa ya ba da lawashi. Na'a-na'a reshe ɗaya ya isa, sai dai a ware mata mazubinta, don in ta samu wuri sai ta kori kowa. Zogale kuma sanda kawai za a sara a kafa cikin jarka mai zurfi, a riƙa datse kansa da ya kai ƙugu, in ba haka ba ya miƙe ya wuce katanga ya fara ciyar da gidan baya.

Ruwa shi ne asalin jarrabawar. Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 kan kogin Karaduwa, tana nan kusa, kuma a 2021 Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwanta. Duk da haka ɗan hayar da ba famfo a gidansu, kurar ɗan garuwa yake saurare. Ya yi lissafi tun da wuri: buhu goma, lita biyu-biyu, sun kusa shanye jarka mai lita 25 kullum. In ya ninka kuɗin jarka sau talatin, zai gane cewa alayyafonsa ya fi tsire tsada. Dabarar ita ce ya zama maroƙin ruwa a gidansa. Alwala a kan roba, ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye duk a tara. Ruwan omo ne kawai haramun, gishirinsa kashe ƙasa yake yi. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a kuma rufe bakin buhun da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don kada rana ta sha rabonta.

Ƙwari ba su da wuya. A daka ganyen bedi, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Akuya ce ba ta da magani. Ta san ranar da alayyafo ya isa yanka fiye da mai shi, kuma mai ita kullum cewa yake ba ta taɓa yin haka ba. Tsohon gidan sauro da sanduna huɗu sukan rage ɓarna, in ba ta ci gidan sauron ba.

Maƙwabta kuma ba a yi musu shinge. Wadda ta yi dariya ranar da aka shigo da kashin awaki, ita ce za ta fara aiko yaro: "Wai in ji Umma, Malam, a ɗan tsinko mata na miya." Ya bayar da fara'a, ya kuma ware buhu biyu tun farko da sunan unguwa, don zai buƙace su idan hutun zango ya zo. Gorar roba mai ƙananan huji da aka binne kusa da saiwa takan riƙe shuka 'yan kwanaki, hutun kuwa makonni ne. Dole ya damƙa lambun amana ga Umma, ya bar mata kuɗin garuwa. Idan ya dawo zai tarar da zogale a tsaye, buhu tara a share tas, da cikakken bayani a kan wata akuya da ba wanda ya san mai ita.