Yadda Za Ki Zama Babbar 'Yar Kasuwa Daga Kan Katifa

Kafin komai, 'yar'uwa, ki samo suna. Ba a shiga kasuwancin waya da sunan da aka yanka wa rago. Ki ɗauki sunan 'yar autarki, ki jingina masa wata kalmar Turanci mai nauyi, yadda duk wanda ya gani zai zaci kina da reshe a Dubai. Ko da jarin naki atamfa turmi shida ne da kwalaben humra huɗu a ƙarƙashin gado, ki rubuta "muna aikawa ko'ina a faɗin ƙasa". Kada ki kuskura ki ce "ina". Babbar 'yar kasuwa ba ta magana ita kaɗai.

Ba lallai ne ma ki mallaki kayan ba. Hoto ya wadatar. Wata ta shiga Kantin Kwari ta ɗauki hoton leshi a shagon wani Alhaji, ta ɗora dubu ɗaya. Ta biyu ta kwafa ta ɗora tata ribar, ta uku ma haka. Kafin hoton ya iso hannunki ya sha yawo har ya dusashe, ba a bambance shuɗi da kore. Ki ɗora naki kason ki wuce da shi gaba. In Allah ya yi, wadda za ta saya a ƙarshe matar Alhajin ce, ta biya ninki biyu kan leshin da ke jibge a shagon mijinta.

Sai babbar rumfa, wato status. Tun 2017 da WhatsApp ya kawo shi, abin da aka ɗora awa 24 yake yi ya ɓace, don haka babu zama. Ki zuba hotuna sittin a tashi ɗaya, har layin saman ya koma ɗige-ɗige kamar ɗinkin keke. Wadda ta buɗe don ta ga hoton sunan da aka yi jiya, sai ta ratsa takalma, mayafai, tukwane da yajin daddawa kafin ta kai. Wasu za su toshe status ɗinki, amma ai mahassada ba sa ƙarewa. Ki dai sani, ba mai ganinsa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Ke nan kasuwarki ta duniya ta ƙunshi ƙannen mijinki, 'yan ajinku na Islamiyya, kishiyarki da ke leƙe ba ta magana, da mai gyaran janareta. In sun yi miki kaɗan, ki buɗe guruf ki kwaso mutane ki zuba ba sallama. Yana ɗaukar har mutum 1,024. Duk wadda ta fita, ki mayar da ita, wataƙila hannunta ne ya taɓa.

Farashi kuwa sirri ne. Kada ki taɓa rubuta shi. Ki ce "mai so ta yi magana ta ciki". Sai ta zo: sallama, an tashi lafiya, ya yara, ya maigida, ya zafi. Bayan kwata ɗin awa ta ce, "Hajiya, nawa ne wannan?" Ki bari sai bayan la'asar ki amsa, don ta san kina da jama'a. Ta ce, "Ba ragi?" Ki rage ɗari biyar. Ta ce a turo mata sauran kaloli, ki tura goma sha biyu. Ta ce, "Masha Allah, sun yi kyau, zan yi miki magana." Wannan maganar, ki sa a ranki sai a lahira. A unguwarku akwai wata da ke rubuta farashi ƙarƙashin kowane hoto, ta ɗauki kayan a hasken rana yadda suke, ta amsa saƙo nan take. Kayanta ba sa kwana, gaskiya ne, amma ina aji a wannan?

In kina son suna ya tashi, ki biya wata tauraruwar TikTok ta riƙe kwalbar turarenki na daƙiƙa talatin. Mutum dubbai za su kalla. Rabin masu sharhi za su tambayi inda ta sayi mayafinta, sauran su yi mata wa'azi. Akwai kuma masu sayar da mabiya a Instagram, ki kwana da ɗari biyu ki tashi da dubu goma, galibinsu ba hoto, sunayensu ba sa karantuwa. Ba sa sayen turaren wuta, amma ba sa neman bashi.

A wuri ɗaya ne zan ajiye wasa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, har mai ƙosai ta koyi karɓar tiransifa ta Opay ko Moniepoint. 'Yan damfara ma sun koya. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki kafin kaya su bar gida, ko da mai sayen ya rantse yana bakin tasha mota za ta tashi.

In kuɗi sun shiga, sai tasha. Ki naɗe kayan a leda, ki rubuta lambar mai karɓa da maka, ki ba direban Kaduna, ki karɓi lambarsa. Wayar tasa za ta mutu daidai Kwanar Ɗangora. In kaya sun isa, mai karɓa ta kira tana cewa ja ta gani a hoto, ruwan goro aka kawo mata, ki ce hasken kyamara ne. Kyamara ba ta da bakin kare kanta.

Kada ki wahalar da kanki da littafi da biro wajen rubuta lambobin kwastomomi. Ai rumfar taki ce, duk da mai ginin yana Kalifoniya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 ne dai Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, sai kuma Twitter da gwamnati ta rufe wata bakwai daga Yunin wannan shekarar. Kuɗin data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a 2025 ma kada ki sa shi a lissafi, ribar sai ta fi kyan gani.

Saura bashi. Ƙanwar miji ta ɗauki turmi biyu tun kafin azumi, ta ce sai an yi albashi, ba ta dai faɗi na wane wata ba. Ba ki isa ki tambaye ta ba, ranar Juma'a za ku haɗu a gidan Hajiya. Sai ki koma status, ki sa baƙin bango, ki rubuta: "Masu riƙe mana kuɗi, ku ji tsoron Allah." Ita ce ta farko da za ta gani. Za ta amso da "Wallahi Anti, mutane ba su da kirki," sannan ta tambaya ko sabon leshin nan ya iso.