Hular Alhaji Ta Sauka A Mile 2

Tun ranar da wani attajirin hatsi na garinmu ya komo daga Ikko a makon nan, inda ya bi tirelar masararsa ya kuma tsaya sayen atamfa a kasuwar Balogun, babu wata majalisa a Bakori, tun daga ta bakin kasuwa har zuwa ta ƙofar masallacin Juma'a, wadda ba a karanta mata ƙarar da ya ɗauko a kan jirgin ƙasan cikin birnin can ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne yadda dattawa masu furfura, waɗanda ake kai wa rikicin gado su warware shi kafin shayi ya huce, suke gyaɗa kai suna cewa lalle an keta alfarmar Alhaji. Laifin jirgin, bisa ga yadda mai ƙara ya tsara shi, guda ɗaya ne tak: an ce masa ya dakata, bai dakata ba.

Ga yadda al'amarin ya auku, gwargwadon ruwayar da ta fi inganci a cikin ruwayoyin da shi kansa yake bayarwa. Ya isa tashar Marina da nufin ya sauka a Mile 2, daga nan ya nemi motar Alaba Rago ya gaisa da 'yan'uwa masu tumaki. Aka ce masa ba a shiga sai da katin Cowry, ya saya, bayan ya nemi ragi a kan cewa shi baƙo ne daga nesa, ya kuma tabbatar wa yaron da ke sayarwa cewa a Funtuwa ma ana yi masa alfarma. Ya hau sama inda ake jira. Jirgi ya zo, ƙofofi suka buɗe da kansu, a daidai lokacin da yaronsa na Bakori ya kira shi a waya don ya ji ko za a saki waken suya a farashin jiya. Kuma da yake ba a taɓa jin ɗan halak ya faɗa maganar kuɗi kafin a gama tambayar gida da gajiya da ruwa da mutanen ɓoye ba, sai Alhaji ya aikata abin da kowane mai mutunci a ƙasarmu zai aikata, wato ya cire hularsa, ya miƙa hannu ciki ya aza ta a kan kujerar da ke kusa da ƙofa, ya ɗaga tafin hannu wajen da yake zaton direba yake, ya ja da baya don ya ƙarasa gaisuwa cikin natsuwa. Wani abu ya yi ƙara sau biyu ko uku. Ƙofa ta rufe.

Hular nan fa, ƙube ce aikin hannu, mai zaren da aka zaɓa don ya dace da shaddar da ke jikinsa, ta tafi a zaune, a kujerar taga, ba tare da kati ba. Ta haye gadar da ke bisa ruwa, ta tsaya a National Theatre, ta tsaya a Orile Iganmu, ta tsaya a Suru Alaba, ta cika kilomita 13 cif ta isa Mile 2, alhali ubangidanta yana tsaye a Marina da kai a buɗe, iskar teku tana ratsa sanƙonsa, yana faɗa wa Yarabawan da ba su tambaye shi ba cewa ai direban ya gan shi. Tun da aka fara ɗaukar fasinja a wannan layi a watan Satumba na 2023, ban ji labarin wani fasinja da ya kiyaye dokokin jirgin fiye da wannan hula ba: ba ta ture kowa ba, ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ba ta tofa goro ba, ba ta kuma ce a tsaya za ta kama ruwa ba.

Da labari ya iso majalisar da almajiran ilimi suke zama bayan La'asar, sai mas'ala ta rabu kashi uku. Na farko ya ɗauko ta daga babin wakilci, ya ce tun da al'adar garinmu ta tabbatar da cewa hula wakiliyar mai ita ce a kan kujera, kuma abin da wakili ya aikata ana jingina shi ga wanda ya wakilta shi, to haƙiƙa Alhaji ya hau jirgi kuma ya isa Mile 2, ko da kuwa gangar jikinsa ta koma masauki a bayan ɗan acaɓa. Wannan fatawa ta yi wa Alhaji daɗi ƙwarai, don tun daga ranar ya shiga siffanta sanyin cikin jirgin da laushin tafiyarsa, har yana gyara wa waɗanda suka hau da ƙafafunsu. Na biyu ya tambaya ko hular ta zama matafiyiya da kasaru ya halatta gare ta. Aka amsa masa da cewa a mazhabar Imamu Malik sai tafiya ta kai buridi huɗu, mil 48 ke nan, sai ya ce ai idan ba a sauke ta ba tana nan tana kai da kawowa har yau, ta zarce nisan Bakori zuwa Kaduna. Wani ya ce masa, “Allah gafarta Malam, ba a haɗa zuwa da dawowa a lissafin kasaru,” nan suka kwashe sa'a guda cur. Na uku, wanda ya fi su tausayi, ya ɗauko babin tsintuwa, ya ce wajibi ne a kan wanda ya tsince ta ya yi cigiya shekara guda, don haka akwai yiwuwar a yanzu haka wani bawan Allah yana tsaye a ƙofar tashar Mile 2 yana ɗaga ƙube yana shela da Yarabanci, kuma Alhaji ne zai ɗauki alhakin hana shi neman abincinsa.

Duk na yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta sauka mini har ciki ba, domin na san wannan hular, kuma ku ma kun san ta. Ita ce wadda ake tararwa a kujerar gaba a tasha da sassafe, mota ta cika maƙil, mace tana rungume da yaro jikinsa zafi rau za ta kai shi asibiti a Funtuwa, ɗalibi yana duba agogo don yana da jarrabawa a Zariya, tsoho ya naɗe ƙafafu a kan buhun wani har sun daina jin jini, ɗan kamasho ya riga ya karɓe kuɗin kowa, amma direba ya jingina da bishiya yana sakace, don mai hula “ya je ya dawo”. Ina ya je? Ya je shan shayi. In ya ga dama ya dawo yana tafiyar ƙasaita, ba zai ce wa kowa a yi haƙuri ba, bal ma sai direba ya ce masa, “Ranka ya daɗe, an fito?” Tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba sai ta cinye hantsi duka saboda ƙyalle da zare. Ita ce dai ta rikiɗa ta zama darduma a sahun gaba ran Juma'a, mai ita yana gida yana wanka. Ita ce dutsen da ake ajiyewa a layin takin zamani tun da asuba. Ita ce ɗaurin auren da aka rubuta ƙarfe goma sha ɗaya a kati, jama'a suka taso daga Kabomo da Tsiga da Kurami suka gasu a rana har Azahar, don wani babban baƙo bai iso ba. Mun mayar da yawan mutanen da mutum ya shanya ma'aunin girmansa. Wannan zalunci ne, ko da an naɗa masa rawani, kuma wanda ake yi wa shi kullum shi ne wanda ba shi da bakin magana.

Kada kuma wani ya ce mini baƙon abu ne ya zo mana, wai ba mu saba ba. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda tun 1929, kuma kakanninmu da suka yi ta kai auduga Funtuwa a kan jakuna sun san sarai cewa in jirgi ya yi kuka ya tashi, ba ya waiwayen Sarkin Noma balle mai talla. A Landan ana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1863, a Alƙahira tun 1987, a Makka kuma tun 2010 jirgi ke jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arafa, inda sarki da talaka duk kansu a buɗe yake, babu mai hular da zai ajiye. Na Abuja da aka buɗe a 2018 shi kaɗai ya gwada halinmu, ya je ya dawo: ya tsaya a 2020, bai komo aiki ba sai watan Mayu na 2024. Abin da nake jiye mana shi ne ranar da aka gama layin da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi. In ba a ware tarago guda don huluna ba, jami'an kan iyaka za su sha aikin tambayar ƙube da zanna da damanga takardunsu na shiga Nijar.

Da na ambaci huluna kuwa, ba zan ajiye alƙalami ba sai na yi magana a kan masu wankinsu, domin su ne suka gama da mu. Kai wa mai wankin hula taka ranar Asabar, ya juya ta, ya ƙanƙance ido, ya rantse maka da girman Allah cewa Alhamis da yamma za ka same ta a tsaye ƙyam da sitaci. Alhamis ka zo, ya ce rana ba ta fito sosai ba, a garin da rana take fasa dutse. Juma'a da safe ka aiko yaro, a ce yana nan zuwa, ya je ya dawo. Ka tafi masallaci da tsohuwar da ta saki, ka hangi wani a sahu na biyu da wata mai kama da taka ƙwarai, har da ɗan tabon turaren da ke gefen hagu, ka kasa tattara hankalinka a kan huɗuba. Tawa tana wurin ɗayansu tun kafin a fara karyar masara, yanzu ga shi har an kai ta Ikko an sayar an dawo da ƙara, kuma duk lokacin da na je sai ya tarbe ni da fara'a ya ce, “Malam, ai taka ta musamman ce, ba a yi mata gaggawa.” Ta Alhaji dai ko banza an san inda ta sauka.